Ƙarancin zink ga mai wankin ƙoda: matakan gwaji, gyaran abinci da shan magani

Tambayoyi uku ne suka fi yawan zuwa daga masu jinyar waɗanda ake yi wa wankin ƙoda. Suna son sanin dalilin da ya sa majinyaci ya daina jin ɗanɗanon abinci har yake cewa nama na yi masa ƙarni ko ɗacin ƙarfe a baki, suna son sanin ko gaskiya ne ƙarancin sinadarin zink ke kawo haka, sannan suna tambaya ko za a iya sayo ƙwayar zink a kemis a fara ba shi. Ƙarancin zink na iya kawo wannan matsala, kuma ya yawaita a tsakanin masu wanki: wani babban nazari da aka wallafa a 2009, wanda ya tattara bincike 128, ya tabbatar da cewa zink ɗin da ke jininsu ya gaza na masu lafiya. Amma sayen ƙwaya shi ne mataki na kusa da ƙarshe, kuma wanda ya fara da shi yana iya jawo wa majinyaci ciwon da ya fi wanda ake gudu. Ga matakan bi da bi.

1. Rubuta alamomi da jerin magunguna

Kafin a je wurin likita, mai jinya ya samu littafi ya rubuta abin da yake gani na tsawon mako biyu. Alamomin da ake dangantawa da ƙarancin zink sun haɗa da dusashewar ɗanɗano da jin ƙamshi, rashin cin abinci, ramewa, gyambon da ya ƙi warkewa musamman a ƙafar mai ciwon suga ko a wurin da aka yi aikin fistula (haɗa jijiyoyin jini a hannu domin wanki), zubar gashi, ƙuraje ko bushewar fata a gefen baki, yawan kamuwa da cuta, gudawa mai daɗewa, raunin mazakuta, da ƙarancin jinin da ba ya ɗagawa duk da allurar EPO mai sa jiki ya ƙera jini. Idan majinyaci ya fara sha'awar cin ƙasa ko taunar ƙanƙara, wannan ma a rubuta.

A shafi na biyu a rubuta duk abin da yake sha, har da wanda ba likita ya rubuta ba, wato maganin gargajiya, jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ƙarin kuzari. An fi so a zuba kwalayen a leda a tafi da su gaba ɗaya.

Gargaɗi: babu ɗaya daga cikin alamomin nan da ta keɓanta ga zink kaɗai. Duk cikinsu ciwon ƙodar da kansa yana iya kawo su, don haka littafin abin nuna wa likita ne kawai, ba hujjar fara magani ba.

2. Fara duba abin da ya fi zink girma

Babban abin da ke kashe ɗanɗano da sha'awar abinci ga mai ciwon ƙoda shi ne taruwar dattin jini saboda ƙarancin wanki. Ƙa'idar da aka sani ita ce wanki sau uku a mako, kowanne kimanin awa huɗu, amma a Kano da Maiduguri da Zariya da Sakkwato, kamar a sauran sassan Najeriya, majinyata da yawa sau ɗaya ko sau biyu suke iya biya, wasu ma sai jiki ya kumbura numfashi ya yi wuya. Wanda yake cikin wannan hali, dattin yuriya da ya taru a jininsa kaɗai ta isa ta sa shi tashin zuciya da ƙin nama, kuma babu ƙwayar zink da za ta gyara haka. Likita zai kuma duba ko akwai ƙwayar cuta a robar wanki da aka sa a wuya ko a cinya, ko farin ƙurajen baki, ko ruɓewar haƙori, ko damuwa mai tsanani, domin kowannensu na hana cin abinci.

Maganar kuɗi tana nan a wannan mataki. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage farashin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da cibiyoyin lafiya na tarayya da ke Azare da Jabi a Abuja. Ya dace iyali su tambayi sashen wanki ko asibitinsu na cikin tsarin.

Gargaɗi: kada a taɓa tsallake wanki domin a biya kuɗin gwajin zink ko na ƙwayoyin ƙari. Idan kuɗin na abu ɗaya ne, wanki ne ke gaba, sai abinci, sannan gwaji.

3. Ɗaukar jini yadda ya kamata

Gwajin zink ba ya cikin gwaje-gwajen wata-wata da aka saba, sai an nema, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba. Wasu ɗakunan gwaji masu zaman kansu karɓar jinin suke yi su aika wani gari, abin da ke ƙara farashi da kwanakin jira, don haka a tambayi wurare biyu ko uku kafin a biya, a kuma tabbatar suna da kwalbar da ta dace. A roƙi likita ya rubuta waɗannan tare, daga jini ɗaya: zink, sinadarin tagulla wanda ake kira kofa a ɗakin gwaji, albumin (furotin ɗin jini), CRP (ma'aunin kumburi ko cuta a jiki), da cikakken ƙidayar ƙwayoyin jini. Idan kuɗi bai kai duka ba, likita ne zai zaɓi wanda za a jinkirta.

Wannan gwaji ne mai saurin lalacewa, kuma yawancin kurakuransa a wurin ɗaukar jini suke faruwa. Zink na jini yana sama da safe, yana sauka bayan cin abinci da kuma yamma, saboda haka an fi son a ɗauka da safe kafin karin kumallo. A ranar wanki za a ɗauka, kafin a haɗa majinyaci da na'ura kuma kafin a sa heparin, maganin hana jini daskarewa, domin a hutar da shi daga ƙarin sukar allura. Ana amfani da kwalba ta musamman ta ƙananan sinadarai, wadda murfinta yawanci shuɗi ne mai duhu, saboda robar murfin kwalba ta yau da kullum na iya zuba zink a cikin jinin ta ba da sakamakon ƙarya. Haka nan idan jajayen ƙwayoyin jini suka farfashe a cikin kwalba, saboda an ja da ƙarfi ko an girgiza ko an bar ta cikin zafin mota, sakamakon zai hau, domin zink ɗin da ke cikin ƙwayoyin ya ninka na ruwan jini kusan sau goma.

Gargaɗi: mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allurar insulin kada ya zauna da yunwa don gwaji sai ya shaida wa nas, an tsara masa. Kuma idan majinyaci yana zazzaɓi ko yana kwance saboda wata cuta, a jinkirta gwajin har ya warke.

4. Karanta sakamako

Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar maikirogiram 70 zuwa 120 a kowace desilita a matsayin daidai ga babban mutum. Wasu suna rubutawa da maikiromol a lita, inda iyakar ƙasa take kusan 10.7, a ninka lambar da 6.5 a samu ta ma'aunin farko. Likitocin Japan suna kiran ƙasa da 60 ƙaranci, 60 zuwa 80 kuma ƙarancin da ke bakin iyaka.

Lambar zink ba a karanta ta ita kaɗai. Albumin shi ne ɗan dakon da ke ɗauke da mafi yawan zink a cikin jini, don haka idan albumin ya sauka, lambar zink za ta bi shi ƙasa ko da jiki bai rasa da yawa ba. Haka idan CRP ya hau, alamar akwai kumburi ko cuta a jiki, hanta na janye zink daga jini ta ɓoye. Ma'ana, ƙaramin zink tare da ƙaramin albumin yana nuni da farko ga ƙarancin furotin a abinci, ƙaramin zink tare da babban CRP kuma yana nuni ga a nemo cutar da ke ɓoye, sau da yawa a robar wanki. Ƙaramin zink tare da alamomi, ba zazzaɓi, albumin bai yi ƙasa sosai ba, shi ne hoton da ya fi ƙarfafa zaton ƙaranci na gaskiya.

Binciken bibiya a Taiwan da Japan ya nuna cewa masu wanki da zink ɗinsu ke ƙasa sun fi kwanciya a asibiti saboda kamuwa da cuta, kuma mace-mace ya fi yawa a cikinsu. Sai dai waɗannan majinyata su ne kuma suka fi rama da kumburin jiki, kuma har yanzu ba a tabbatar da cewa shan zink na tsawaita rai ba. Wannan ne ya sa jagorar abinci ta KDOQI ta 2020, wadda likitocin ƙoda a ƙasashe da dama ke bi, ta ba da shawarar kada a riƙa ba kowane mai ciwon ƙoda zink haka kawai. A ganina wannan matsayi ne na adalci: a nemi ƙarancin ga wanda ke da alama, a yi masa magani, a bar wanda ba ya buƙata.

5. Gyara abinci

A nan aikin iyali ya fi yawa. Babban namiji na buƙatar zink miligiram 11 a rana, mace miligiram 8. Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne ci gaba da hana majinyaci nama bayan an fara wanki. Kafin wanki akan ce a rage furotin, amma da zarar an fara, dokar ta juya: ana buƙatar giram 1.0 zuwa 1.2 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato mai nauyin kilo 60 na buƙatar giram 60 zuwa 72. Wanda aka bari da tuwo da miya da farar shinkafa kaɗai, furotin da zink duka za su gaza masa.

Jan nama shi ne tushen zink mafi sauƙin shiga jiki. Giram 100 na dafaffen naman sa ko na akuya marar kitse, wato abin da ya ɗan fi tafin hannu, yana ba da zink kimanin miligiram 5 da furotin giram 25 zuwa 30. Naman rago na kusa da haka. Cinyar kaza ta ninka ƙirjinta zink, kimanin miligiram 2 da wani abu a giram 100. Ƙwai ɗaya na da kimanin rabin miligiram, kuma kusan dukkansa a cikin kwanduwa yake. Farin ƙwai da ake yawan ba masu wanki yana da kyau ƙwarai wajen furotin da ƙarancin fosforas, sinadarin da ke taruwa a jinin mai ciwon ƙoda, amma kusan babu zink a cikinsa. Kifi ma haka yake, furotin mai kyau, zink kaɗan. Saboda haka mutumin da ya koma farin ƙwai da kifi kaɗai yana iya cika furotin ɗinsa ya bar zink a baya.

Yadda za a dafa naman: a yanka ƙanana, a tafasa cikin ruwa mai yawa, a zubar da ruwan farko, domin wani ɓangare na fosforas da fotasiyam, wanda shi ma ke taruwa a jinin mai ciwon ƙoda, na fita a ciki, sannan a ƙarasa da albasa da tafarnuwa da citta da ɗan mai. Wanda ɗumin nama ke tayar masa da zuciya, a bari ya huce kafin a kawo, ko a daka shi ya zama dambu marar gishiri, a kuma ba shi ya kurkure baki kafin cin abinci. A ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a rana maimakon babban kwano sau biyu.

Gargaɗi: tsire da kilishi da balangun kasuwa suna da zink, amma gishiri da dunƙulen miya da ƙuli-ƙulin da ke yajinsu na kawo ƙishirwa da hawan jini da ƙarin fosforas. Hanta da sauran kayan ciki suna da zink, amma fosforas ɗinsu ya yi yawa, kuma hanta na cike da bitamin A wanda ke taruwa a jikin mai ciwon ƙoda. Romo kuma ruwa ne, kuma a cikinsa fotasiyam ɗin naman yake.

Sai hatsi. Gero da dawa da masara da wake suna da zink, amma suna ɗauke da wani sinadari mai suna faitet wanda ke kama zink a hanji ya hana shi shiga jini, kuma a masara da gero da dawa yawancin faitet ɗin yana tafiya da dusa da ƙwayar tsiro idan an surfa. Hanyoyin da iyaye mata suka daɗe suna bi suna rage shi: surfe, jiƙa hatsi ya kwana a zubar da ruwan, barin ƙullu ya yi tsami kamar na koko da waina, da tsirar da hatsi kafin a niƙa. Don haka waina da sinasir da koko sun fi tuwon garin da ba a surfa ba dacewa da wannan buƙata. Cin ɗan nama tare da hatsi a kwano ɗaya ma na ƙara yawan zink ɗin da jiki ke ɗauka. Wake kuwa, idan likita ya yarda da shi, a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa da sabon ruwa ba tare da kanwa ba.

Gargaɗi: koko da kunu da fura ruwa ne, dole a lissafa su cikin adadin ruwan da aka ƙayyade wa majinyaci a rana. Riɗi da agushi da gyaɗa suna da zink da yawa a takarda, amma faitet da fosforas da fotasiyam ɗinsu na da yawa, don haka kada a mayar da su magani. Duk wani canji a abinci a nuna wa masanin abinci na sashen wanki tare da sakamakon fotasiyam da fosforas na watan, kuma wanda aka rubuta wa maganin kama fosforas ya sha shi tare da naman.

6. Fara magani idan likita ya rubuta

Idan gwaji ya nuna ƙaranci, ko alamomi sun yi ƙarfi kuma an kawar da sauran dalilai, likitan ƙoda zai iya rubuta zink na ɗan lokaci, yawanci miligiram 20 zuwa 50 a rana na wata biyu zuwa uku. Ƙananan bincike sun nuna cewa ga wasu majinyata ɗanɗano da cin abinci na gyaruwa, wasu kuma a Japan buƙatarsu ta allurar EPO ta ragu, amma ba kowa ke ganin haka ba.

Lambar da ke jikin kwali na ruɗar mutane. Kafson zink salfet mai miligiram 220 yana ɗauke da zink na ainihi miligiram 50 ne, domin kashi 23 cikin ɗari ne kawai na nauyinsa zink. Zink gulukonet kimanin kashi 14 ne, zink asitet kimanin kashi 30. A tambayi mai harhaɗa magani adadin zink na ainihi a kowace ƙwaya, a rubuta a jikin kwalin. Ƙwayar da ake narkarwa a ba yara tare da ruwan gishiri da sukari idan suna gudawa tana da miligiram 20, kuma ita ce mafi arha da sauƙin samu a kemis. A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

Gargaɗi: iyakar da aka ɗora wa babban mutum mai lafiya ita ce miligiram 40 a rana daga abinci da magani gaba ɗaya, don haka duk abin da ya wuce wannan magani ne da ke buƙatar sa ido. Kada a sayi ƙwayar da ta haɗa zink da magnisiyam ko bitamin A, domin dukkansu na taruwa idan ƙoda ba ta aiki. A kuma duba ƙwayoyin ƙarin garkuwar jiki da suka yawaita tun lokacin annobar korona a 2020, da na ƙarin ƙarfin maza, domin da yawansu na da zink a ciki, kuma mutum na iya shan ninki biyu bai sani ba.

7. Raba lokacin sha

Zink ya fi shiga jiki idan ciki babu abinci, amma a haka yakan tayar da zuciya ko ya sa ciwon ciki. Idan haka ta faru, a sha da ɗan abinci marar dusa, kamar ƙwai ko yankan nama. A ranar wanki a sha bayan an sauko daga na'ura.

Ƙwayar ƙarin jini ta ayon da maganin kama fosforas mai kalsiyam suna gasa da zink a hanji, don haka a bar aƙalla awa biyu a tsakani. Tun da maganin fosforas tare da abinci ake shan sa, lokacin da ya fi sauƙi ga zink shi ne da hantsi ko kafin kwanciya barci. Maganin ƙwayoyin cuta irin su siprofuloksasin da libofuloksasin da dangin tetirasaikilin kuwa, zink ne ke hana su aiki: a sha su awa biyu kafin zink, ko awa huɗu zuwa shida bayansa, kuma sau da yawa likita zai ce a dakatar da zink har a gama su. Maganin gyambon ciki irin su omefurazol na rage shigar zink, don haka wanda ya daɗe yana shan sa ya tambayi likita ko har yanzu yana buƙatarsa.

8. Sa ido kan tagulla, sannan a tsaya

Wannan shi ne matakin da aka fi mantawa, kuma shi ne mai haɗari. Zink mai yawa na sa ƙwayoyin hanji su samar da wani furotin da ke kama sinadarin tagulla ya riƙe shi har a fitar da shi ta bayan gida. Idan aka daɗe a haka tagulla na ƙarewa a jiki, jini ya ragu, fararen ƙwayoyin jini su sauka, ƙafafu su fara yin sanyi da jin kamar ana soka allura, tafiya ta koma tangaɗi. An sha ganin wannan a sassan wanki, kuma yana da wuyar ganewa domin kowa zai zaci ƙarancin jinin na ƙoda ne, a ƙara EPO ko a ƙara jini ana ci gaba da ba da zink. Jinin na dawowa idan an daina zink an maye gurbin tagulla, amma lahanin jijiyoyi ba kullum yake warkewa gaba ɗaya ba.

Saboda haka a rubuta ranar farawa da ranar tsayawa a jikin kwalin tun rana ta farko. A riƙa duba ƙidayar ƙwayoyin jini kowane wata, a kula da fararen ƙwayoyin ba PCV (ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini) kaɗai ba. Bayan wata biyu zuwa uku a maimaita zink da tagulla, da safe, kafin wanki, kuma kada a sha ƙwayar a safiyar gwajin. Tagulla ta babban mutum yawanci tana tsakanin maikirogiram 70 da 140 a desilita. Idan zink ya dawo daidai, likita zai tsayar da magani ko ya rage, a ci gaba da abinci. Idan wata uku ya cika babu canji a ɗanɗano ko cin abinci, ƙara adadin ƙwaya ba shi ne mafita ba, sai a tsaya a koma mataki na biyu.

Gargaɗi: idan majinyaci na shan zink sai PCV ya faɗi ba tare da zubar jini ba, ko ya fara zazzaɓi a kai a kai, ko ƙafafunsa suka yi nauyi yana kasa tafiya daidai, a daina ba shi ƙwayar a ranar, a ɗauki kwalin a kai wa likitan ƙoda ba tare da jiran ranar asibiti ba.